Amsa kan kilin na lantarki a shagon haɗaka: kar ku jona a soket, kar ku kunna ku tafi gida

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta tambayarki har ƙarshe. Kin ce ku bakwai ne kuka haɗa kuɗi kuka kama shago a wajen Yelwa nan Bauchi kuna aikin yumɓu, kun samu kilin, wato murhun gasa kayan yumɓu, na lantarki, na hannu wanda wani ya riga ya yi amfani da shi, mai buɗewa ta sama an rubuta 7kW a jikinshi, kuna so ku ajiye shi a kusurwar shagon ku jona a soket ɗin bango, ku riƙa kunnawa da dare ku tafi gida tunda lokacin ne wuta ta fi zama, sannan akwai matan da ke ginin tukwanen gargajiya da suke so su riƙa kawo nasu kuna gasa musu. Allah ya sa albarka, wallahi na ji daɗi matasa na shiga wannan sana'a. Amma dan Allah kar ku kunna shi tukuna, na daɗe ina aiki da irin wannan kilin ɗin kuma tsarin nan da kika faɗa in aka bi shi a haka akwai haɗari na gaske a ciki.

Maganar soket ɗin nan ki cire ta a ranki gaba ɗaya. Ki ɗauki 7kW, wato wat 7,000, ki raba da 230 wanda shi ne ƙarfin wutarmu, zai ba ki amp 30 da ɗan ɗoriya. Soket ɗin da muke jona ayan da cajar waya an yi shi ne don amp 13, kusan wat 3,000 kenan iyakarshi, wannan ma in na kirki ne. Kuma kilin ba minti goma zai yi yana jan wutar ba, awa takwas ne, goma, wani lokaci har sha biyu. Mutane suna tsoron cikin kilin saboda suna jin an ce zafi ya wuce digiri 1,000, alhali shi cikin an gina shi ne don ya riƙe wannan zafin. Inda gobara ta fi tashi shi ne waya, filogin da ya yi sako-sako, ekstenshan, ko wani haɗi da aka naɗe da baƙin salatif aka cusa cikin silin inda ba mai gani, yana ɗumi a hankali yana ɗumi har robar ta narke. Saboda haka ku nemo mai wayarin wanda ya san aikin masana'anta, ba wanda iyakarshi saka fanka da ƙwai ba, ya ja wa kilin layinshi shi kaɗai daga babban allo, da bireka tashi daban, da waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla. Amp 30 a gajeriyar tafiya ba a saka mishi ƙasa da 6mm, in da nisa sai a ƙara, shi zai lissafa. Ku lura wajen sayen wayar don akwai wadda alminiyam ce a ciki aka shafa mata jan ƙarfe a sama, in kika kankare da wuƙa za ki ga fari, ita kam kar ta shigo shagonku. A saka makunni babba kusa da ƙofa, inda mutum zai iya kashewa ba sai ya ratsa ta gefen kilin ba. Sai atin, wato wayar da ke kai wutar da ta zurara cikin ƙasa, a buga ƙarfenshi a ƙasa da gaske a haɗa shi da gangar jikin kilin ɗin a kuma auna a tabbatar yana aiki, domin jikin nan ƙarfe ne, ranar da waya ta taɓa shi ta ciki atin ne tsakanin mutum da mutuwa.

Ki duba ɗan farantin ƙarfen da ke manne a jikinshi kafin komai, a nan aka rubuta ko na layi ɗaya ne ko na layi uku, da kuma wutar da aka yi shi dominta. Waɗanda ake kawowa daga Amurka wasu na 240 ne wasu na 208, in aka saka na 208 a wutarmu zai ja fiye da ƙima ya cinye elemen ɗinshi, wato wayar da ke ja tana ba da zafi a ciki, da wuri. In na layi uku ne kuma shagonku layi ɗaya gare shi to sai kun je ofishin JED, kamfanin rarraba wuta, kun nemi a ƙara muku, ba a yi mishi dabara.

Akwai kuma abinda ke rikita mutane a nan wajenmu, wato wuta ta zo amma ba ƙarfi. Zafin da elemen ke bayarwa yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi, in ta sauka daga 230 zuwa 190 abinda zai rage miki kusan kashi 68 ne cikin ɗari, kilin ɗin 7kW ya koma ƙasa da 5kW, sai ki ga ya hau ya hau ya zo wani wuri ya tsaya cak ya ƙi gaba, a yi ta zargin elemen alhali lafiyarshi ƙalau. Ku sayi ɗan abin auna wuta ku manna kusa da makunnin, ba tsada. Sitabilaizar firij da talabijin ba za ta ɗauki wannan nauyin ba, haka ma inbata da batiran sola irin na gida. Janareta in za a yi da shi to kar ya gaza 10kVA, kuma a waje can nesa da taga. Da damina kuma bulon cikin kilin yana shan laima, in kuna da bireka mai kashe kanta idan wuta ta zurara sai ta yi ta faɗuwa da an kunna, to kar wani ya ce a cire ta a haɗa kai tsaye, a kira mai wayarin ya duba, yawanci busar da kilin ɗin a ƙaramin zafi ne maganin.

Sai wurin ajiya. Kusurwar shagon da kuke zaune ku bakwai kuna aiki ba wurinshi ba ne. In da hali ku yi mishi rumfa a bayan shagon, daɓen siminti, rufin kwano mai tsayi, gefe biyu a buɗe a saka raga ta ƙarfe da ƙofa mai kwaɗo, yadda iska za ta ratsa amma feshin ruwan sama ba zai same shi ba. Ya zauna a kan ƙafafunshi na ƙarfe da ya zo da su, ba a ƙasa kai tsaye ba, ba a kan katako ko tayil ɗin roba ba. Tsakaninshi da kowane bango a bar aƙalla santimita 45, in silin ɗin roba ne a samanshi a cire. Jarkar man janareta, tukunyar gas, kwali, leda, tina, duk su bar wajen. In maƙwabcinku tela ne ko mai katifa ko kafinta to ku ƙara nisa ku kuma sanar da shi ranakun da kuke gashi. Wani abu kuma, kwantirolar da ke jikinshi, wato na'urar da ake saita zafi da ita, ba ta son zafi, a Maris da Afrilu da garin nan ke kaiwa wajen digiri 40 in kika kulle shi a ƙaramin ɗaki za ta iya tsayar da gashin a tsakiya.

Dalilin da ya sa na nace da iska shi ne mutane suna ɗauka tunda na lantarki ne ba itace ba gas to ba hayaƙi. Akwai. Ba daga kilin yake fitowa ba, daga yumɓun ne da gilez, wato haɗin da ake shafa wa kaya ya narke ya yi ƙyalli kamar gilashi. Yumɓun da aka haƙo a fadama cike yake da ruɓaɓɓen ganye da saiwa da farar wuta, daga wajen digiri 300 zuwa 800 duk waɗannan suna ƙonewa suna fitar da kabon monoksaid da iskar farar wuta mai shaƙe maƙogwaro. Ita ta farar wutar ma da sauƙi tunda za ki ji warinta ki gudu, kabon monoksaid ba wari ba launi, ita ce dai wadda ke kashe mutane in sun kwana da gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, sai mutum ya ɗauka maleriya ce ya sha magani ya koma ya zauna a wurin. In kuka ga mutum biyu ko uku sun yi ciwon kai lokaci ɗaya ranar gashi to ku fita waje nan take ku buɗe ko'ina. In dole sai a cikin gini zai zauna, a saka fanka mai zuƙe iska ta fitar waje a bangon da ke kusa da shi, a bar taga a buɗe a ɗaya ɓangaren don sabuwar iska ta shigo, fankar sama juya iskar kawai take yi ba ta fitar da ita. Ku sayi ƙararrawar kabon monoksaid mai batir. Mai ciki da mai asma da jariri kar su zauna a wurin ranar gashi.

To yanzu maganar da ta fi damuna, kunnawa da dare a tafi gida. Na gane dalilinku sarai, amma bari in faɗa miki yadda abin yake aiki. Akwai wata 'yar sanda da ta leƙo cikin kilin ɗin, ita ke auna zafi ta gaya wa kwantirola, kwantirola kuma ta umarci rile ya ba elemen wuta ko ya yanke, shi ne ƙas ƙas ɗin da za ki riƙa ji. Rile ɗin nan yana buɗewa yana rufewa ba adadi a kowane gashi, kuma yana tsufa, in zai mutu wani lokaci bakinshi ne ke narkewa ya manne a rufe. Kwantirola ta ce an gama, ta rubuta an gama a fuskarta, amma wuta na ci gaba da shiga. Haka ita sandar awon, in ta tsufa ko wani ya ture ta baya wajen loda kaya sai ta riƙa nuna zafi ƙasa da na gaskiya, kilin ya yi ta ƙara wuta yana neman lambar da ya riga ya wuce. Na ga kilin da hakan ta faru da shi, an buɗe an tarar kofuna sun zama wani dunƙule baƙi mai ƙyalli, ya gangaro daga farantin jera kaya na sama ya ci na ƙasa ya shiga cikin bulo ya cika ramin elemen, sai da guduma da kurfi, daga ƙarshe kuɗin gyara ya kusa kuɗin wani kilin ɗin. Naku kuma na hannu ne, ba ku san shekarun rile ɗinshi ba. Ƙari a kan haka wasu kwantirola in an ɗauke wuta aka dawo da ita suna ci gaba da gashi da kansu, kinga kenan zai iya tashi ƙarfe uku na dare ba kowa a wurin.

Saboda haka dokar ita ce duk lokacin da kilin ke kunne akwai mutum a kusa, ido biyu, yana leƙawa duk bayan rabin awa ko awa, sannan awa biyun ƙarshe ba ya matsawa ko'ina har sai ya ga ya kai ya mutu, ya je ya kashe babban makunnin da hannunshi. In kwana a shago ba zai yiwu muku ba, kuma na san ga mata da wuya, to ku ɗumama kayan da yamma kuna nan, ku kashe ku tafi, ku dawo bayan sallar asuba ku tayar da gashin, kafin magariba an gama. Ku lura da ranakun da layinku ya fi samun wutar rana ku tsara a kai.

Kuma a nan ne haɗaka ke da matsala, don kayan mutum bakwai kowa na ɗauka wani ya duba. Wannan ta loda, waccan ta zo ta ƙara kofi biyu ta ture sandar awo, wata ta danna lamba, wata ta ɗauka an kashe. Kowane gashi ya zama yana da mai shi mutum ɗaya, ita ta loda, ita ta saita, ita ke da makullin, ita za ta kashe, ita za ta buɗe, in za ta miƙa wa wata to baki da baki kuma a rubuce. Cikinku ku zaɓi biyu ko uku su koya sosai tukuna, sauran su riƙa tsayawa tare da su har su iya. Ku je sashen Industrial Design na jami'ar ATBU, suna da ɓangaren tangaran, ku roƙi wani malami ko mai kula da sutudiyo ya zo ya duba muku ya tsaya a gashin farko, ko da za ku biya shi. Ku sayi littafi mai kauri ku rataye kusa da makunni, kowane gashi a rubuta kwanan wata, sunan mai gashi, kayan waye a ciki, wane yumɓu wane gilez, lambar da aka saita, ƙarfe nawa aka kunna ƙarfe nawa ya kai, da yunit ɗin mita kafin da bayan. Littafin nan shi zai raba ku da rigimar kuɗin wuta, kuma shi zai nuna muku elemen ya fara tsufa in kuka ga gashin da ke ɗaukar awa takwas ya koma goma da wuta iri ɗaya. Sai allo babba a rataye a jikin raga, AKWAI ZAFI KAR A TAƁA, ba a cire shi sai an sauke kaya, domin kilin ɗin da aka kashe jiya da yamma yau da safe fuskarshi a mace take amma murfin zai iya ƙona hannu, sai wata ta shigo ta ɗora jakarta ko ledar abinci a kai. Ba a shanya a kanshi, ba a ɗumama abinci a ciki, yara kuwa ko kusa.

Abinda ke shiga ciki ma mai gashi ce ke da ikon cewa a'a. Kayan da bai bushe ba shi ke fashewa, ruwa in ya zama tururi yana kumbura sama da sau 1,600, in bai samu hanya ba sai ya tarwatsa tukunyar ta tafi da na kusa da ita, ɓarɓashin ya faɗa kan elemen. Ki ɗora gindin kayan a kumatunki, in kika ji sanyi to da saura. Da hunturu sama na bushewa da sauri ya yaudare ki alhali gindi mai kauri da laima a ciki, da damina kuwa sati ma ba lallai ya isa ba. Shi ya sa ake riƙe kilin a digiri 80 zuwa 90 na wasu awanni da murfi a ɗan ɗage, ki kara madubi a hujin leƙe, in ya yi gumi to ruwa bai gama fita ba. Daga nan a hau a hankali, kar a wuce digiri 100 a awa har a kai 600, saboda a tsakanin ne ruwan da ke ɗaure cikin yumɓun kanshi ke fita, kuma a daidai 573 yashin da ke ciki yana kumbura farat ɗaya, gaggawa a nan tsagewa ce. Duk abinda aka gina a rufe a huda shi. Ɓarɓashin POP ko ɗan dutsen laim in ya shiga yumɓu ba ya nunawa sai bayan kwanaki da gashi ki ga wuri ya ɓalle da ɗan fari a tsakiya, ku raba wurin aikin POP da na yumɓu.

Ki kula da lambar kon sosai, waɗannan 'yan dala da ake sakawa a ciki suna lanƙwasa in zafi ya kai. Kon 06 wajen digiri 1,000 ne, kon 04 wajen 1,060, amma kon 6 da ba sifili a gabanshi wajen 1,220 ne. Sifili ɗaya kawai aka manta an ƙara sama da digiri 200, jan yumɓunmu kuma ba ya jure wannan, zai kumbura ya narke. Ki duba kuma kwantirolar a Salsiyos take ko Faranhait, 1,060 a namu 1,940 ne a na Amurka. Ku riƙa saka kon a kowane gashi ko da kwantirola na aiki, shi ne shaidar da ba ta ƙarya.

Game da matan da za su kawo tukwane, ku karɓa amma da gwaji. Duk yumɓun da ba ku sani ba a gasa ɗan guntu tukuna a cikin wani kwano da aka yi da yumɓu mai jure zafi, in ya narke ya tsaya a ciki. Sannan ku yi musu bayani cewa ba kowace tukunya ce ke son zafin kilin ba. Randa da tulu suna sanyaya ruwa ne saboda suna tsattsafo, tukunyar girki kuma tana jure murhu ne saboda ba ta gasu ta ƙanƙame ba, in kika kai su 1,100 sai randa ta daina sanyi tukunya ta tsage a kan wuta, irin waɗannan kar a wuce da su 900 sai an gwada. Ko Ladi Kwali da ke jikin naira 20, da ta shiga cibiyar Baturen maginin tukwane Michael Cardew a tsohuwar Abuja wato Suleja a 1954, ginin hannunta na gargajiya ta ci gaba da yi amma da haɗin yumɓu mai jure babban zafi ake yin waɗanda za a saka wa gilez. Mu nan Allah ya ba mu kawolin, wato farin yumɓu, a Alkaleri, ana haɗa shi da yumɓu mai danƙo a samu abinda zai jure, amma wannan karatu ne daban. Abinda ba za a yi ba a kilin na lantarki shi ne zuba dusa ko ganye ko kashin shanu don tukunya ta yi baƙi, hayaƙin yana cinye fatar da ke kare elemen, gishiri ma haka. Ciro tukunya da zafinta a yayyafa mata makuba shi ma a bar shi a gashin fili, elemen ɗin nan waya ce tsirara mai ɗauke da wuta, ƙarfe ya taɓa ta an gama. Ko lodi za ki yi a kashe babban makunni tukuna.

Gilez kuma, ƙanwata, duk wanda ba ku san abinda ke cikinshi ba kar ya shiga. In wani ya kawo muku hoda ba suna ya ce tana narkewa da wuri tana ƙyalli kamar me, ku yi zargin dalma, wasu har da na tsohon batirin mota suke haɗawa. Mun ga abinda gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, waɗanda suka rayu da yawa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Kwanon da aka yi wa gilez mai dalma in aka zuba abu mai tsami, kunun tsamiya, fura da nono, zoɓo, tsamin yana jawo ta cikin abincin, kuma a cikin kilin tana tashi ta shiga bulo ta sauka kan kayan da za a gasa nan gaba ko da su ba su da ita. Ku tambayi wanda ya sayar muku da kilin ɗin me ake gasawa a ciki a da. Launuka masu kadmiyom, da bariyom da manganis, su ma ba na cikin kwanon abinci ba ne sai wanda masana'anta ta rubuta cewa ya dace da abinci. A goge gilez daga gindin kowane kaya, a shafa wa saman faranti haɗin kawolin da alumina don abinda ya ɗiga ya ɓanɓaru, ba a shafa shi a bango ko elemen, kuma a bar tazarar yatsa biyu tsakanin kaya da elemen.

Wajen leƙawa kar ki kafa ido a huji haka kawai, hasken nan mai zafi yana jawo yanar ido a hankali, baƙin tabarau na gayu ba ya karewa, ki nemi na masu walda mai lamba 3, ki tsaya ɗan nesa don iska mai zafi na fitowa ta hujin. Ga wani abu da ya shafe ku kai tsaye, dogon hijabi da mayafi na roba. In kika sunkuya kan kilin gefen zai taɓa jikin ƙarfen, roba kuma narkewa take yi ta manne a fata. Ranar gashi a saka na auduga gajere a cusa shi cikin riga ko a ɗaura atamfa a kai, da takalmi rufaffe da safar hannu ta fata.

Buɗewa ita ce inda haƙuri ke ƙarewa, mai kaya na waya kwastoma na jira. Kar a ɗaga murfi sai ya sauko ƙasa da 200, don a wajen 220 akwai wani tsukewa da ke tsaga kaya, sannan a ɗan ɗaga kaɗan a bari, ba a sauke kaya sai hannu zai iya riƙe su. Gilez ɗin da ya ɗiga ya daskare gilashi ne, yana yanka kamar reza, kar a shafa faranti da tafin hannu. Ƙurar shago kuma kar a share ta da tsintsiya a bushe, silika ce, tana taruwa a huhu shekara da shekaru ba ta fita, a yayyafa ruwa a goge da tsumma, wajen haɗa hodar gilez ko kankare faranti a saka takunkumi N95 a yi a waje.

In wani abu ya faru, ko kika ga zafi na hawa bayan ya kamata ya tsaya, ko kika ji ƙaurin roba, ki kashe babban makunni ki bar murfin a rufe, wutar da ke ciki ba inda za ta je in ba a buɗe mata ba. Kar a watsa ruwa. Ku rataye tukunyar kashe gobara mai hoda ko ta CO2 a bakin ƙofa, kowa ya koyi cire fil ɗinta, lambar 'yan kwana-kwana a rubuce a bango. Ƙuna kuma ruwan sanyi na famfo minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba manja ba ƙwai ba baƙin mai, in ta yi faɗi ko a fuska ko hannu ce a wuce asibiti.

In an gama wayarin, gashin farko ku yi shi ba kaya, faranti kawai da kon a sama da tsakiya da ƙasa, da rana, mai wayarin na tsaye, in zafi ya yi nisa ya duba waya da makunni da bireka ko akwai inda ke ɗumi fiye da kima, ku kuma ku leƙa ku ga kowane layin elemen ya yi ja. Ki turo min hoton farantin ƙarfen nan da na fuskar kwantirola da na cikin kilin ɗin, in ga yanayin bulo da elemen, sai in faɗa miki lambobin da za ku saita.